Yarinyata ba ta tari, me ya sa zan ci gaba da bubbuga mata ƙirji?

Tambaya: "Likita, barka da aiki. 'Yata shekararta biyu da wata uku. Tun tana wata huɗu aka gano tana da sistik faiburosis, bayan ta ƙi yin ƙiba, kashinta kuma duk maiƙo, aka yi mata gwajin zufa. Yanzu alhamdu lillahi ta murmure, tana wasanta, ba ta tari sai in ta yi mura. Amma an ce kullum safe da yamma in riƙa bubbuga mata ƙirji, in kuma sa mata ruwan gishiri a na'urar shaƙa. Kuka take yi, ni ma na gaji, babanta kuma cewa yake wahalar da ita nake yi a banza tunda lafiyarta ƙalau. Dole ne sai an yi? Ba za a jira sai ta fara tari ba? Kuma ta yaya zan gane huhunta ya fara samun matsala?"

Barka kadai, maman yarinya. Allah ya ƙara mata lafiya, ya ba ku juriyar wannan hidima. Idan na fahimce ki, abin da kike son sani shi ne ko rashin tari ya isa shaida cewa huhun yaro lafiya yake. Ga yawancin yara haka ne. Ga mai sistik faiburosis kuwa bai isa ba, domin ciwon huhun wannan cuta a ɓoye yake farawa tun yaro yana jariri, tari kan biyo baya, wani lokaci bayan ɓarnar ta riga ta zauna. Aikina duba yara masu ciwon huhu ne, kuma wannan tambaya taki na sha jin ta, galibi daga iyayen da suka yi ƙoƙari har yaron ya murmure. Maganar babanta ma ba duka za a watsar ba, akwai inda yake da gaskiya, zan zo wurin.

Abin da ke faruwa a cikin bututun iska

Cutar ta gado ce, irin gadon sikila: sai yaro ya ɗauko ƙwayar halitta mai tangarda daga uba, ya ɗauko wata daga uwa, sannan ta bayyana. Sunan ƙwayar halittar CFTR, a 1989 aka gano ta, aikin haɗin gwiwar Lap-Chee Tsui da John Riordan a Toronto da Francis Collins a Michigan. Ita ce ke samar da wata 'yar kafa a fatar cikin bututun iska wadda sinadarin gishiri ke fita ta ciki, ruwa kuma ya bi shi. Wannan ruwan ne ke sa majinar da ke lulluɓe da bututun ta zama tsararo. A ƙarƙashin majinar akwai wasu 'yan gasu da ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana kamar tsintsiya, suna turo majina da ƙura da ƙwayoyin cuta zuwa maƙogwaro, mu haɗiye ba tare da mun sani ba.

Idan kafar nan ba ta aiki, ruwan ya yi ƙaranci, majina ta yi kauri da danƙo, gasun su kwanta. Bakteriyar da aka shaƙa sai ta samu wurin zama. Jiki ya aiko da fararen ƙwayoyin jini su yaƙe ta, su kuma sinadaran da suke fesawa ba bakteriya kaɗai suke ci ba, har da bangon bututun. In sun mutu, gawarsu ta ƙara wa majinar kauri. Haka abin zai yi ta zagaye har bangon ya saki, bututun ya buɗe fiye da ƙima, ya zama ma'ajiyar majina. Bututun da ya kai wannan mataki, a mafi yawan lokuta ba ya komawa yadda yake.

Dalilin rashin tari a farko shi ne wurin da abin ke somawa. A can ƙarshen rassan huhu yake farawa, a bututun da faɗinsu bai kai milimita 2 ba, inda jijiyoyin da ke tayar da tari ba su da yawa. Ga su kuma da yawan gaske, saboda haka wasu za su toshe, sauran su rufa asiri, yaro na gudu yana dariya. Abin sauraron ƙirjin da muke rataye a wuya ba ya jin wannan, hoton ƙirji na yau da kullum ma sau da yawa ba ya nunawa.

Wannan ba zato ba ne. Masu bincike a Perth da Melbourne a Ostareliya sun bi jariran da aka gano cutarsu tun haihuwa, suna yi musu hoton siti-sikan mai nuna cikin huhu dalla-dalla, suna kuma wanko ruwan cikin huhunsu don a gwada. A sakamakon da suka fitar a 2013, kusan kashi 30 cikin ɗari na jariran sun riga sun nuna buɗewar bututu suna wata uku, a shekara uku kuwa adadin ya haura kashi 60. Da yawansu babu wata alama a waje. An yi binciken ne kafin sababbin magungunan da zan ambata a ƙasa su kai ga ƙananan yara, don haka kada alƙaluman su tsorata ki. Abin da suka koya mana shi ne shekarun da 'yarki ke ciki yanzu su ne na tsaron huhu, ga shi kuma huhun bai gama girma ba.

Bugun ƙirji, da inda babanta ke da gaskiya

Likitoci ba bakinsu ɗaya ba kan bubbuga ƙirjin yaron da ba ya nuna alama. A Amurka shawarar ita ce a fara tun watannin farko, a riƙa yi kullum. A Ingila likitocin gashi da motsa jiki da yawa sun sassauta, suna koya wa iyaye duba yaro kullum da sa shi motsa jiki, a yi bugun in buƙata ta taso. Hujjar bugu da hannu ita kaɗai, a yaro marar alama, ba ta kai ƙarfin hujjar wasu magungunan ba. Ni dai ina tare da masu cewa a ware lokaci kullum don share huhu, saboda dalili biyu. Majinar tana nan ko ba a ji ta ba. Sannan yaron da ya tashi da abin a matsayin al'adarsa ta yau da gobe ba ya gardama a ranar da ciwo ya taso, ranar da ake buƙatar yi sau uku ko huɗu. Wanda aka fara masa yana shekara biyar, cikin zazzaɓi, yaƙi ake yi da shi.

Amma kuka kullum alama ce ta cewa akwai abin gyara. Abu na farko da nake cewa uwa shi ne ta yi a gabana in gani, kuma sau da yawa matsalar a hannu take. A lanƙwasa tafin hannu ya yi rami, yatsu a haɗe, motsin daga wuyan hannu yake fitowa ba daga kafaɗa ba. Ƙarar da za ki ji mai zurfi ce, bum-bum. In kika ji tas-tas, to mari kike yi, kuma da zafi. A sa riga ko tawul mai laushi tsakanin hannu da fata, a tsaya kan haƙarƙari, gaba da baya da gefe, a kauce wa ƙashin baya da tsakiyar ƙirji da ciki. A yi kafin cin abinci, ko a jira aƙalla awa ɗaya bayansa. Tsohuwar hanyar kifa yaro kansa a ƙasa an daina ta ga ƙanana, domin tana sa abin da ke ciki ya dawo maƙogwaro, ya kuma iya gangarawa huhu.

A shekarunta ma, rabin aikin ya kamata ya koma wasa. Hura kumfar sabulu, hura auduga a kan tebur ana tsere, tsalle-tsalle, guje-guje, cakulkuli har ta ƙyalƙyale da dariya, duk suna sa iska ta shiga bayan majina ta ɗago ta. Akwai kuma abin rufe hanci da baki da ake numfashi a ciki, mai ɗan tokare iska wajen fita don bututun su zauna a buɗe. Yara da yawa sun fi yarda da shi a kan bugu. Ki nemi likitan gashi da motsa jikin da ke kula da ita ya zauna da ku ku sake tsarin, kuma ki je da babanta. Na lura uban da aka ba shi ɓangaren tsalle da guje-guje ya zama nasa ba ya sake kiran abin wahala.

Ruwan gishirin

Wannan kada ki bari. Ruwan da ake sa wa a na'urar ya fi na jini gishiri nesa ba kusa ba, galibi kashi 6 ko 7 cikin ɗari, na jiki kuwa 0.9 ne. In ya sauka a bututu sai ya jawo ruwa zuwa cikin majina, ya yi wani ɓangare na aikin kafar da ta lalace. Wani gwaji da aka yi a Amurka da Kanada kan yara 'yan shekara 3 zuwa 6, wanda aka buga a 2019, ya nuna shaƙarsa sau biyu a rana na sati 48 ya inganta yadda iska ke ratsa ƙananan bututu. Wani a Jamus kan jarirai ya nuna makamancin haka. Yana sa tari da ɗan ƙaiƙayin maƙogwaro, wannan aikinsa ne. Yakan matse ƙirjin wasu yara, shi ya sa ake fara ba da maganin buɗe ƙirji irin na masu asma. Jerin da aka saba shi ne maganin buɗe ƙirji, sai ruwan gishiri, sai share huhu, in kuma akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta na shaƙa shi ne na ƙarshe, don ya tarar da hanya a share. Wannan ruwa na kanti ne mai tsabta ta musamman, ba a haɗa shi a gida. Akwai wani maganin, Pulmozyme, da ke yanyanka danƙon majina, ana ƙara shi ga wasu yaran gwargwadon halinsu.

Na'urar kanta tana iya zama hanyar cuta. Kofin maganin da aka ajiye da danshi gida ne ga ƙwayar da muka fi tsoro. Bayan kowane amfani a warware shi, a wanke da sabulu, a tafasa na minti 5 in irinsa yana jure tafasa, ko a sa a na'urar turara kwalaben jarirai, a baza a kan tawul mai tsabta ya bushe ƙarau kafin a harhaɗa. Na sha buɗe kofi a asibiti in ga ɗigon ruwan jiya a lungunsa, uwar kuwa mai tsabta ce, ba a dai taɓa gaya mata muhimmancin busarwa ba.

Ƙwayoyin cuta da yadda ake farautarsu

A ƙananan yara waɗanda aka fi samu su ne masu suna Staphylococcus aureus da Haemophilus influenzae, haka za ki ga an rubuta a takardar gwaji. Wadda ba ma so ta zauna ita ce Pseudomonas aeruginosa. Tana rayuwa a ruwan da ya kwanta da wurare masu danshi, kuma in ta daɗe a huhu sai ta lulluɓe kanta da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa. Shigarta ta farko sau da yawa ba ta da wata alama, amma a lokacin ne ake iya korar ta, galibi da maganin tobramaisin na shaƙa na kwana 28. Wannan ne dalilin da ake goga auduga a maƙogwaron yaro a kowace ziyara, aƙalla duk wata uku, ko da lafiyarsa lau. Zuwa asibiti ranar da yarinya ke cikin ƙoshin lafiya yana daga cikin maganin.

A gida abin kiyayewa kaɗan ne, kuma ba na son iyaye su mayar da yaro ɗan kurkuku. A raba ta da kayan wasan wanka masu ɓoye ruwa a ciki, da ruwan da ya daɗe a kwance, da kwamin wanka mai ɗumi na jama'a. Hayaƙi kowane iri abokin gaba ne, na taba ya fi muni, ko a tufafin mai shan ne. A cika mata rigakafi duka, da allurar mura mai tsanani ta shekara-shekara, ita da mutanen gida. Sai doka guda mai nauyi a zuciya: masu wannan cuta ba sa cuɗanya da juna, domin suna musayar ƙwayoyi masu wuyar magani. In an haɗu a asibiti, tazarar mita 2. Ban da waɗannan, ta yi wasa da yara, ta shiga makaranta in lokaci ya yi.

Alamomin da za ki sa wa ido

Ma'auninki shi ne yadda kika san ta. Yarinyar da ba ta tari, duk tarin da ya zo sabon labari ne. Ki saurare ta da asuba lokacin da ta farka, da kuma bayan ta yi gudu. Busasshen tari na mura daban, tari mai jiƙa wanda za ki ji majina na motsi a ƙirji daban, in kin ɗora tafin hannu a bayanta ma wani lokaci za ki ji gurgurar. Tari mai jiƙa da ya wuce 'yan kwanaki, ko murar da ta sauka ƙirji ta ƙi tafiya, ki kira masu kula da ita, kada ki jira ranar da aka ba ku. Sauran alamun ba su da hayaniya: cin abinci ya ragu, nauyi ya tsaya, tana neman a ɗauke ta a inda da take gudu, tari cikin dare. Zazzaɓi sau da yawa babu, rashinsa kada ya rufe miki ido.

A yaro mai wannan cuta muna saurin ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta fiye da sauran yara, kuma na tsawon lokaci, galibi sati biyu. In na baki bai yi ba, a kwantar a ba da ta jijiya. Likitan da bai saba da cutar ba zai iya cewa mura ce kawai a je gida, saboda haka ki riƙa faɗin sunan cutar tun daga bakin ƙofa. Maganin hana tari kuma ba nata ba ne, tarin ne ke fitar da abin da muke so ya fita. Abin da ba ya jiran safiya: numfashi sama da 40 a minti tana zaune shiru, ƙasan haƙarƙari na lotsawa in ta ja iska, leɓe ya canza launi, jini a tari, ko ta ƙi shan komai ta yi laushi.

Akwai gwajin da ke gano matsala kafin kunne ya ji. Hura na'urar auna ƙarfin huhu sai yaro ya kai shekara 5 ko 6 yake iyawa da kyau. Ga 'yan ƙasa da haka, wasu manyan cibiyoyi suna da gwajin da yaro ke numfashinsa na yau da kullum a cikin abin rufe fuska, na'ura na ƙirga numfashi nawa ya ɗauka kafin wata iska ta fice daga huhunsa. Ba ko'ina ake da shi ba. Siti-sikan yana nuna abu sosai, amma saboda illar haskensa ga jiki ba a yawaita shi.

Nauyi ma maganar huhu ce

Kin ce ta murmure, wannan babban abu ne. Kusan kashi 85 cikin ɗari na masu cutar jikinsu ba ya sako ruwan narkar da abinci zuwa hanji, shi ne maiƙon da kika gani a kashinta. Yaran da nauyinsu ya kai tsakiyar ma'aunin tsaransu a shekara biyu, an ga huhunsu ya fi ƙarfi in sun kai shekarun makaranta. Don haka ƙwayoyin narkar da abinci a farkon kowane ci, da bitamin A da D da E da K, da ƙarin gishirin da aka rubuta mata, musamman lokacin zafi da zazzaɓi tunda zufarta na kwashe gishiri, duk hidimar huhu ce.

Magungunan da ke gyara tushen

Lokacin da Dorothy Andersen ta bayyana cutar a New York a 1938, yawancin yaran ba sa wuce ƙuruciya. Yau a Amurka hasashen tsawon ran jaririn da aka haifa da ita ya haura shekara 60. Yawancin wannan ci gaba irin hidimar da kike yi ce ta kawo shi, sai kuma magungunan da ke gyara kafar gishirin kanta. Na farkonsu, Kalydeco, ya fito a 2012 don nau'in tangarda guda ɗaya, daga baya aka ƙara wasu. Trikafta ya biyo a 2019, a 2023 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a ba 'yan shekara 2 zuwa 5. Yana aiki ga mai nau'in F508del, wanda ya fi kowane yawa, da wasu nau'o'in da dama. Ba kowa yake yi wa aiki ba. Nau'in 3120+1G>A, wanda aka fi samu a masu asalin Afirka, yana cikin waɗanda jiki ba ya ƙera kafar yadda maganin zai samu abin gyarawa, kuma ƙananan gwaje-gwajen gado kan tsallake nau'o'in da ba na Turawa ba. Ga tsada mai tsanani, ƙasashe da yawa ba a samunsa. Wanda ya samu kuma ana bin hantarsa da gwajin jini, ana duba idonsa, kuma a wannan shekaru ba a ajiye sauran hidimar sai da shawarar likitansa.

Ban ga 'yarki ba, ban saurari ƙirjinta ba, ban ga takardunta ba, saboda haka yawan bugu da adadin magani masu duba ta ne za su yanke. In kun koma, ki tambaye su nau'in tangardar da take ɗauke da shi guda biyu da sunayensu, da abin da gwajin maƙogwaronta na ƙarshe ya nuna, da inda nauyinta yake a ma'auni, da lambar da za ki kira ranar da tari ya canza. In tana da yayye ko ƙanne, a yi musu gwajin zufa su ma ko ba sa nuna komai, domin a kowane cikin da kika ɗauka da babanta, yiwuwar ɗaya ce cikin huɗu.